Taswira a Kan Rairayi: Karatun Tsakar Gida a Boɗinga da Shagari

A shekarar 1948 wani matashin malami ɗan shekara 23, mai koyarwa a makarantar Midil ta Sakkwato, ya zauna ya tsara doguwar waƙa da Hausa. Ba yabon sarki ya yi ba, ba kuma bege ba. Labarin ƙasar Nijeriya da tarihinta ya zuba a cikin baitoci, garuruwa da koguna da al'ummomi, don yaran da ke gabansa su rera su riƙe. Sunanta Waƙar Nijeriya, malamin kuwa Shehu Usman Aliyu Shagari, wanda bayan shekara 31 ya zama shugaban ƙasa.

Yau idan ka ambaci Shagari, shugabancin 1979 zuwa 1983 ke fara zuwa bakin mutane, sai sarautar Turakin Sakkwato. Malantar tasa kuwa mutane da yawa sun manta da ita. Amma mutumin da aka haifa a garin Shagari ranar 25 ga Fabrairu 1925, ya yi elementare a Yabo, ya wuce Midil ta Sakkwato, ya ƙare a Kwalejin Kaduna, da alli ya fara neman abincinsa, kuma kimiyya ya koyar kafin a kai shi Argungu ya zama hedimasta. Ya gane abin da kowace uwa ta sani ko ba ta taɓa shiga aji ba: abin da yaro ya rera, ko ya taɓa da hannunsa, ko ya ji daga bakin wanda yake ƙauna da harshen da ya tashi da shi, ba ya barinsa.

Wannan rahoto a kan ƙananan yara ne, 'yan shekara huɗu zuwa tara, da abin da gida zai iya yi musu a fannoni uku da ake ɗauka sai makaranta: tarihi, labarin ƙasa da kimiyya. Na zaɓi Boɗinga da Shagari da gangan. Duk wanda ya bi titin da ya fita daga Sakkwato ya wuce filin jirgin sama na Sultan Abubakar III, ya ratsa ƙasar Sifawa da Boɗinga, ya bi ta Shagari zuwa Tambuwal da Jega, ya bi ta kan kayan karatun da yara da yawa a duniya sai a hoto suke ganin irinsu. Abin baƙin ciki shi ne yaron da ke kiwon awaki a bakin wannan titi sau da yawa ba wanda ya taɓa gaya masa.

Makaranta ba za ta iya ita kaɗai ba, kuma akwai dalili. An cire tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare tun zangon karatu na 2009/2010, sai a 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da dawo da shi. Ke nan akwai iyaye matasa a yau waɗanda su kansu ba su yi darasin tarihi a aji ba. Shirin Mu Karanta da aka gudanar a jihohin Sakkwato da Bauchi ya yi ƙoƙari wajen koya wa yara haɗa baƙi da Hausa, kuma wannan shi ne tushe. Sai dai yaron da ya iya haɗa baƙi yana bukatar abin da zai sa ya so buɗe littafi. Lokacin da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda annobar korona, kowa ya ga gaskiyar lamarin: watanni suka shuɗe, gidan da ake hira da yara suka ci gaba da koyo, inda ba a yi kuwa suka tsaya inda aka bar su.

Tarihi daga ɗakin kaka yake farawa

Ƙaramin yaro bai san bambancin shekara ɗari da shekara dubu ba, kuma ɓata lokaci ne a tilasta masa haddar shekaru. Abin da yake iya kamawa shi ne wa ya riga wa. Don haka igiya ta fi littafi amfani a nan. A sami doguwar igiya irin ta shanya, a yi ƙulli a kowane taƙi, a ce kowane ƙulli shekara goma ne. Ƙarshen igiyar shi ne yau. Yaro ɗan shekara shida zai ga duk rayuwarsa ba ta kai ƙulli ɗaya ba. Innarsa ƙulli uku, kakarsa shida ko bakwai. Sai a ci gaba da komawa baya ana ɗaura tsumma mai launi: nan aka sami 'yancin kai a 1960, nan aka haifi Shagari, nan Turawa suka ci Sakkwato a 1903. Sai an ƙirga ƙulli 22 kafin a kai hijirar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804. Yaron da ya taka daga wannan ƙarshen igiyar zuwa wancan da ƙafarsa ya ji nisan a jikinsa.

A irin wannan zama ne ake jin tambayoyin da ke nuna karatu ya shiga.

"Kaka, ke kin ga Shehu?"

"Kai maigida, rufa mini asiri! Ko kakar kakata ban ce ta gan shi ba. Zo ka ƙirga, ga ni nan, ga shi can."

Ga yaron Boɗinga kuwa, ƙulle-ƙullen da ke kusa da farkon igiyar labarin ƙofar gidansu ne. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, Shehu ya bar Gwandu ya zo Sifawa ya zauna wajen shekara biyar yana karantarwa yana rubutu, kafin ya koma Sakkwato a 1815, inda ya rasu a 1817. A zamanin zamansa na Sifawa ne, a 1812, ya raba kula da daular gida biyu: yamma a hannun ƙanensa Abdullahi, gabas a hannun ɗansa Muhammadu Bello. Malam Abdullahi kuwa a Boɗinga ya zauna a wancan lokaci, kusa da yayansa. Wato akwai shekarun da malamai da ɗalibai da manzanni daga nesa suke nufo wannan yanki, su kwana su tashi a kan ƙasar da ake noma gero a kanta yau. Ba sai an yi wa ɗan shekara biyar dogon bayani ba. Ya isa uba ya tsayar da babur ranar da hanya ta bi da su Sifawa, ya ce, "Nan Shehu ya zauna. Ƙanensa yana garinmu." Sauran tambayoyin yaron ne zai kawo su, wata rana ko wata shekara.

Sai kayan da ke ɓoye a ƙasan adaka. Da wuya a rasa tsohuwar da ke da kwabo mai huji ko anini ko sisi a ɗaure cikin tsumma, wata ma har da wuri. A jera su a tabarma tare da naira ta yau, a bar yaro ya shirya su daga tsoho zuwa sabo. Wuri ya riga kuɗin Turawa, fam da sule suka riƙe kasuwa har zuwa Janairun 1973 da naira da kwabo suka karɓe su. Daga nan hira ta buɗe: nawa ake sayar da tiyar gero lokacin da kaka take budurwa, me aka ci a shekarar farin 1973, da me aka je Sakkwato kafin mota ta yawaita. Fitilar aci-balbal, akushi, tsohon hoton aure, allon da baba ya yi karatu da shi, kowanne darasi ne na dare guda.

Akwai wani abu da nake ganin ya fi duk waɗannan muhimmanci, kuma ba ya cin ko kwabo. A koya wa yaro ya raba tatsuniya da labari. Tatsuniya tana da ƙofar shiga da ta fita, kowa ya san Gizo da Ƙoƙi ba su taɓa zama a unguwarmu ba. Labarin abin da ya faru kuwa yana da wanda ya gani da wanda ya ji. Idan kaka ta ba da labarin wata yunwa ko wani yaƙi, a ƙarfafa wa jika ya tambaya cikin ladabi, "Ke kika gani, ko faɗa miki aka yi? Wa ya faɗa miki?" Malamanmu na hadisi a kan wannan tambaya suka gina iliminsu. Yaron da ya saba da ita tun yana ƙarami, ranar da waya ta shiga hannunsa ba kowane saƙon WhatsApp ne zai ɗauke shi ba.

Inda ruwa ya nufa

A 1824 Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya iso Sakkwato yana neman sanin inda kogin Kwara ya nufa. A cikin labarin tafiyarsa ya rubuta cewa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zana masa hanyar kogin a kan ƙasa, kuma taswirar da ya samo daga fadar Sakkwato an buga ta a Landan a 1826. Shi dai Bello, a littafinsa Infaƙul Maisuri da ya kammala a 1812, da bayanin ƙasashe ya fara kafin ya shiga labarin jihadi. Ya san ba a fahimtar abin da ya faru sai an san inda ya faru.

To, rairayi bai ƙare ba a Boɗinga da Shagari. A share wuri a tsakar gida, a ba yaro tsinke. Ya fara da gidansu kamar tsuntsu ne ke kallonsa daga sama: ga zaure, ga ɗakin inna, ga rumbu, ga turken awaki, ga rijiya. Ranar farko zai zana ɗaki da ƙofa da taga yadda yake ganinsa a tsaye, kuma kada a ce ya yi kuskure. A ɗora shi kan katanga ko a kife kwano a ƙasa a ce ya leƙo shi daga sama, zai gane da kansa. Mako na gaba a faɗaɗa: masallaci, makaranta, gidan hakimi, bakin kasuwa. A ɓoye dabino a wani lungu, a sa alama a taswirar, a ce ya nemo. Daga baya a ja dogon layi a ce titi ne, a sa duwatsu: wannan Sakkwato, wannan Boɗinga, wannan Shagari, wannan Tambuwal, ga Yabo a gefe.

Kusurwoyi huɗu ba su da wuya ga yaron da ke ganin ana salla sau biyar. Alƙiblar wannan yanki gabas ce da ɗan karkata arewa. In ya fuskanci mafitar rana, arewa na hagunsa, can Illela da Ƙonni. Kudu na damansa, can Yawuri da Kwantagora.

Damina ita ce babbar malamar labarin ƙasa. In an ɗauke ruwa, a fita da yaro a bi ruwan da ya fito daga kwatar gida a ga inda ya dosa, wane lungu ya bi, ina ya taru, ina ya ci ƙasa ya yi zaizaya. A dawo gida a tara tudun rairayi, a tsiyaya ruwa da buta a kansa, a ga yadda yake neman gangare yana haƙa hanyarsa, ƙananan hanyoyi suna haɗuwa su zama babba. Wannan shi ne labarin gulbi baki ɗaya. Gulbin Rima da gulbin Sakkwato suna haɗuwa kusa da birnin Sakkwato, su gangara ta Argungu da Birnin Kebbi, su faɗa Kwara. Kwara ta haɗu da Binuwai a Lakwaja, su tafi teku. A sa ɗan dutse a tare ruwan butar, ga madatsa ta samu, irin ta Goronyo da ta Bakolori da wadda ke nan Shagari. Yaro zai ga da idonsa abin da ke faruwa a bayan madatsa da abin da ke faruwa a gabanta in an buɗe ta da ƙarfi.

Kwandon cefane ma taswira ne. Goro da manja daga kudu suke zuwa inda ruwan sama ya yi yawa. Dabino da kanwa daga arewa, wajen Agadas da hamada. Albasa ta Aliero ko ta fadamun kusa, busasshen kifi na Yawuri. Kowane abu a ɗora shi a gefen taswirar da ya fito. Sai a juya tambayar: mu me muke aikawa? Nan ne za a ba shi labarin jar akuyar Sakkwato, wadda fatarta ta ƙetare hamada a kan raƙuma har Turai, inda aka riƙa kiranta fatar Maroko saboda ta can ta bi.

Da azumi kuwa yara da kansu suke kawo tambayar: me ya sa mutanen Maiduguri ke riga mu shan ruwa? Tazarar ta kai wajen rabin sa'a. Lemo ɗaya da tocila sun isa amsa. A kashe fitila, a sa ɗigo biyu a jikin lemon, ɗaya gabas ɗaya yamma, a haska shi daga gefe guda, a juya shi sannu a hankali. Ɗigon gabas zai riga shiga duhu. Ba na jin akwai bayanin baki da zai kai wannan.

Sanda da inuwarta

In da za a ce in zaɓi aiki ɗaya tak a kimiyya, sanda zan zaɓa. A kafa miƙaƙƙiyar sanda a fili inda rana ke samu tun safe har yamma, a tabbatar ta tsaya cak. Duk bayan ɗan lokaci yaro ya je ya sa tsakuwa a ƙarshen inuwar. Da hantsi doguwa ce tana nuna yamma, tana ta gajarta har ta kai iyakarta, sannan ta juya gabas tana tsawo. Lokacin da ta fi gajarta shi ne tsakiyar rana, kuma yaro zai lura ba sha biyu daidai ba ne a agogo, sai an gota, domin muna yammacin ƙasar. Da ta fara ƙaruwa azahar ta shiga. In ƙarin ya kai tsawon sandar kanta, la'asar ta yi. Da haka ladanai suka yi ta kiran salla shekaru aru-aru, kuma yana nan a littattafan fiƙihun da ake karantawa a zaurukan Boɗinga har gobe.

Daɗin abin sai an daɗe ana yi. A bar sandar a wurinta, duk Juma'a a auna inuwar tsakiyar rana da kara, a karya karan daidai tsawonta, a jera a jikin bango. A watan Disamba, tsakiyar hunturu, inuwar tana nuna arewa kuma ta kai kusan kashi uku cikin huɗu na tsawon sandar. Daga nan sai ta riƙa raguwa mako bayan mako, har wajen ƙarshen Afrilu ta ɓace ƙarƙashin sandar, domin rana ta tsaya daidai tsakar ka. Bayan haka ta ɓullo ta kudu, 'yar gajeriya, ta koma ta sake ɓacewa wajen tsakiyar Agusta, sannan ta koma arewa. Sau biyu a shekara ke nan sanda ke rasa inuwa a wannan yanki, abin da ba ya taɓa faruwa a Ingila ko Faransa ko Alƙahira. Yaron da ya jera karare na shekara guda ya yi abin da masana ke yi: ya auna, ya adana, ya kwatanta, kuma a shekara ta biyu zai iya faɗin abin da zai faru kafin ya faru. Sai dai a kula, zafin Afrilu a nan yana wuce digiri 40, don haka a auna a koma inuwa, kuma a ja masa kunne kada ya kalli ƙwayar rana.

Madafa kuwa ɗakin gwaji ce da ba a kira ta da sunanta ba. A jiƙa soɓorodo, a raba ruwan a kofi uku. A matsa lemun tsami a na farko, ja zai ƙara haske. A ɗiga ruwan kanwa a na biyu, sai ya yi duhu ya juya wajen kore-kore. Na uku a bar shi yadda yake don a sami abin kwatance, kuma wannan kofi na uku shi ne zuciyar gwajin. Sai a bar yaro ya gwada da ruwan tsamiya, ruwan toka, ruwan sabulu, ya faɗi abin da yake zato kafin ya ɗiga. Uwar da ke sa kanwa a miyar sure don ta kashe tsami ta daɗe da sanin wannan sirri. Abin da za a karanta a sakandare game da sinadarai masu tsami da kishiyoyinsu, ita a tukunya ta koye shi. Kanwa da toka dai a hannun babba za su zauna, kada su shiga ido.

Randa fa, me ya sa ruwanta ya fi na jarka sanyi? A shafa wa yaro ruwa a bayan hannu a hura, zai ji sanyi. Jikin randa yana tsattsafo da ruwa, iska na busar da shi, bushewar na tafiya da zafi. Da wannan ilimi ne wani malami a jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen rairayi a tsakani don adana kayan miya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Yara za su iya haɗa tasu da ƙananan tukwane biyu, su sa tumatir ɗaya a ciki ɗaya a waje, su ƙirga kwanaki. In sun gwada da rani suka sake da damina, za su ga ba ɗaya ba ne, su nemi dalili.

Gona ma haka. A tuge wake ɗaya a wanke saiwar, a nuna masa 'yan ƙulle-ƙullen da ke jikinta, a ce nan ne wake ke tara abin da ke ƙara wa ƙasa ƙarfi, shi ya sa kakanni ke shuka shi tsakanin gero. A tambaye shi me ya sa gawo ke zubar da ganye da damina lokacin da kowace bishiya ke tohuwa, kuma me ya sa geron gindinsa ya fi kyau. Da hunturu a kashe fitila a ja bargo, ya ga tartsatsi, a ce masa ɗan'uwan walƙiya ne. Ƙurar da ke rufe gari a lokacin, mafi yawanta daga ƙasar Cadi iska ke ɗauko ta, daga busasshen gurbin wani tsohon tafki.

Akwai kuma abin da ke sa yara su buɗe baki. Farar ƙasar da ake fasawa a Kalambaina don yin siminti tana ɗauke da ɓawon halittun ruwa da suka zama dutse, haka ma duwatsun wajen Dange, maƙwabtan Boɗinga. Masana ilimin ƙasa sun tabbatar teku ta taɓa malale wannan yanki fiye da shekara miliyan 50 da suka wuce, har akwai wani tsohon kada da aka tono ƙasusuwansa a ƙasar Sakkwato aka raɗa masa suna Sokotosuchus. Yaron da aka gaya wa haka ba zai ƙara tsallake tsakuwa bai juya ta ba.

Gwaji ɗaya kuma ba na iya ambatonsa ba tare da zuciyata ta yi nauyi ba. A cika baho da ruwa, a ɗora ƙwarya, yaro ya riƙa zuba tsakuwa ɗaya bayan ɗaya yana kallon bakin ƙwaryar na matsowa kusa da ruwa. Ya tara su gefe guda ya ga ta karkata. Ya kaɗa ruwan ya ga abin da ƙaramar igiyar ruwa ke yi wa ƙwaryar da ta cika. A watan Afrilun 2022, cikin azumi, kwalekwale ya kife a ruwan Shagari da mutanen Gidan Magana, mutum 29 suka rasu, akasarinsu yara da matasa da suka fita neman itace. Allah ya jiƙansu. Ba ina cewa wasan ƙwarya zai maye gurbin rigar ruwa da ingantaccen jirgi ba, wannan nauyi ne a wuyan manya da hukuma. Amma yaran da ke zaune a bakin madatsa haƙƙinsu ne su san halin ruwa tun kafin su shiga shi.

"Ni da ban yi boko ba?"

Wannan ita ce maganar da za a fi ji daga iyaye mata, kuma ba a raina ta. Uwa ta tashi tun asuba, ga daka, ga ɗiban ruwa, ga sana'a, yaran ma wasu na talla wasu na kiwo. Wa ke da lokacin lemo da tocila? Amsata ita ce kusan duk abin da aka ambata a nan cikin aikin yake, ba a gefensa ba. Ana jiƙa soɓorodon ne ko da yaro ko ba yaro. Abin da ake ƙarawa shi ne a kira shi ya tsaya kusa, a ce, "Me kake gani zai faru?"

Batun boko kuwa, wannan ƙasa tana da amsarta tun tuni. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta ga matan karkara ba za su iya barin gidajensu su zo birni karatu ba. Sai ta kafa tsarin 'Yan Taru: ta zaɓi dattijan mata masu hankali, ta naɗa kowacce jaji, ta ba ta malfa, su zo su karɓi karatu a wurinta cikin waƙoƙi, su koma ƙauyuka su koyar a tsakar gida. Cikin abin da ta tsara har da Waƙar Gewaye, wadda ke bin sawun Shehu da jama'arsa wuri bayan wuri, tarihi da labarin ƙasa a haɗe. Matan da suka ɗauki wannan karatu ba su da takardar shaida, kuma sun riƙe shi ya wuce zamaninsu. Jikokinsu ne ke cewa yau ba su iya ba.

Abin da ya fi rashin boko cutarwa shi ne tsawa. "Kai ka cika tambaya!" "Rufe mana baki, manya na magana." Ladabi wajibi ne, ba mai musu, amma yaron da aka kwaɓe sau goma ba zai yi ta goma sha ɗaya ba, kuma 'ya mace ta fi saurin yin shiru. Uban da aka tambaya abin da bai sani ba yana da mafita mai kyau: ya ce, "Ban sani ba, amma gobe mu tambayi malam," kuma goben ya kama hannun yaron su je. Yayye 'yan sakandare ma dukiya ce da ake bari tana zaune. Yarinyar da ke aji uku ta koya wa ƙannenta gwajin soɓorodo, ita ma nata karatun ya zauna.

Akwai masu iya sauƙaƙa wa iyaye. Makarantun Islamiyya na matan aure, waɗanda ke cika da yamma a garuruwan nan, za su iya ware minti goma a mako a nuna aiki ɗaya da uwa za ta koma ta yi da 'ya'yanta. Kwamitocin iyaye da malamai na firamare za su iya kafa sanda a filin makaranta su ce kowane yaro ya kafa tasa a gida. Gidan rediyon Rima yana shiga ɗakunan da jarida ba ta shiga, kuma kwata ɗaya na sa'a a mako ya isa a ce wa masu sauraro ga abin da za ku gwada kafin mako mai zuwa.

Sannan ga Sakkwato nan kusa. Gidan adana tarihi na Waziri Junaidu yana ɗauke da tsofaffin rubuce-rubucen hannu da makamai da kayan sarauta, Hubbaren Shehu kuma mutane daga Nijar da Kamaru da Sudan suke zuwa ziyararsa, alhali yara da yawa a Danchadi da Dingyaɗi da ƙauyukan Shagari ba a taɓa kai su ba. Gida huɗu ko biyar za su iya haɗa kuɗin mota ɗaya bayan an sayar da amfanin gona, dattijo ɗaya da uwa ɗaya su raka, a tsaya a Sifawa a hanya, a dawo kafin magariba.